Makunnin Tagulla da Hannun Baba

Ku 'ya'yana, akwai magana biyu da kuka taso kuna ji a gidan nan, kuma dukansu ba haka suke ba. Ta farko ita ce wai wutar maƙera ce ta naƙasa hannun kakanku na dama. Ta biyu kuwa, wai innarku ce ta hana ni komawa Turai lokacin da aka kira ni aiki. Na ji Safiya ta faɗa wa ƙannenta haka cikin wasa ranar sunan ɗanta, innarku tana zaune ta yi dariya. Ni kam ban iya dariyar ba. Tun ranar nake neman yadda zan gaya muku, sai na ga bakina ba zai iya ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Kakanku maƙerin fari ne a Argungu, wato ba garma da lauje yake ƙerawa ba, tagulla da azurfa yake aiki da su. Mundaye, zobba, warwaro, abin da duk mace za ta sa ranar biki. Ɗakin ƙirarsa na zaure ne, ƙofarsa tana kallon hanyar da masunta ke bi su gangara gulbi, kuma ba wanda zai wuce bai leƙo ya gaishe shi ba. Ni ne ɗansa na biyu, kuma ni ne wanda ya ƙi zugazugi. Tun ina ƙarami hayaƙin gawayi ke sa ni ciwon kai, ko kuma dai haka nake cewa don a bar ni in tafi makaranta. Baba bai taɓa tilasta mini ba. Ya dai kan dube ni ya ce, hannun Garba hannun alƙalami ne. A lokacin ina jin maganar kamar yabo.

Karatu ya kai ni har Turai, inda na yi shekaru a wani ɗakin bincike ƙarƙashin wani dattijon malami, muna aiki a kan abu guda: makunni. Ba irin na bango da kuke dannawa fitila ta kama ba. Akwai ayyukan da ba sa bukatar wuta tana gudu kullum, sai dai a tara ta da yawa a cikin wani abu mai suna kafasita, wanda za ku iya ɗauka kamar tulun ajiye wuta, sannan a sake ta gaba ɗaya a bugu guda, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu makunnin hannu da zai iya wannan, narkewa zai yi. Don haka ake ɗaukar kawuna biyu na ƙarfe a sa su fuskantar juna ba tare da sun taɓa ba, a rufe su cikin akwati, a matsa iska a ciki. Iskar ce ke tsare wutar. Idan lokaci ya yi, sai tartsatsi ya tsallaka daga wannan kai zuwa wancan, wutar duka ta bi shi. Wanda muke da shi a can ya kai girman turmi, sai mutum biyu sun kama shi. Ni kuma burina, tun ina ɗalibi, in yi wanda bai wuce gwangwanin madara ba.

Na dawo gida da wannan buri a cikin jaka, na kama koyarwa a Birnin Kebbi, muka zauna da innarku a wani gidan haya a Badariya mai ɗaki uku da bishiyar darbejiya a tsakar gida. Da ba don abin da ya faru a Gulma ba, da zanen makunnin da na yi ya tsufa a cikin jakar. A shekarar da aka haifi Safiya ruwa ya yi yawa, gulbi ya cika ya malalo fadama, ya shiga rijiyoyi. Gulma garin su innarku ne. Gudawa ta kama yara, ta tafi da ɗan yayarta Asabe, yaro mai shekara huɗu da ke hawa kafaɗata duk sanda muka je. Muna dawowa daga gaisuwa a kan babur, mun wuce Ambursa, gonakin shinkafa duk sun zama tafki, sai innarku ta yi magana daga bayana.

"Malam, wannan karatun naka na wuta, ba shi da abin da zai yi wa ruwa?"

Yana da shi. Na san idan aka riƙa buga wa ruwa irin wannan wuta mai ƙarfi a gajere, ƙwayoyin cutar da ke ciki fashewa suke yi. Abin da ya rage shi ne injin da zai yi haka ya zama ƙarami, wanda babur zai ɗauka a kai ƙauye, ƙaramin janareta ya tayar da shi. Zuciyar injin kuwa makunnin nan ne.

Na kwashe kayan ɗakin baya na mayar da shi wurin aiki. Nan na gane cewa ƙanƙanta abu ba rage masa girma kawai ba ne. Da na matso da kawunan kusa, sai wuta ta riƙa tsallakawa kafin in ba ta izini, don haka dole in ƙara matsa iskar. Da na ƙara matsi, sai akwatin ya fara yoyo ta bakin murfi. Da na toshe yoyon, sai wutar ta daina bi ta tsakanin kawunan, ta koma rarrafe a jikin bangon akwatin, ta bar baƙin layi kamar sawun tsutsa. Wannan na magance shi da yi wa bangon tudu da kwari daga ciki, don hanyar ta yi mata nisa. Ga kuma laimar damina, wadda ke shiga cikin iskar ta ɓata mini duk lissafi, har sai da na koyi bi da iskar ta cikin kwalbar gawayi da busasshen alli kafin ta shiga. Abu ɗaya ya gagare ni, kawunan. Na kai wa masu injin gyaran ƙarfe a gari, sun yi iya ƙoƙarinsu, amma aikin kan fito da ƙananan zane da ido ba ya gani sosai, ita kuwa wuta tana gani. Duk inda ta sami tsini nan take zaɓa, ta yi ta cin wurin har ya rarake.

Innarku ce ta sake magana, tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ma ɗago kai ba.

"Kai da ubanka ke goge tagulla har mace ta ga fuskarta a ciki, kana ta yawo wurin baƙi."

Na yi kwana uku ina jin nauyi. Mutumin da na guje wa sana'arsa, yanzu in je masa da roƙo. Ran Asabar na ɗaure kawunan da suka lalace a tsumma na hau babur zuwa Argungu. Na same shi a zaure yana hura wuta. Bayan gaisuwa na shimfiɗa masa zanena na fara bayani, da lambobi da komai. Ya saurara kaɗan, sannan ya ture takardar gefe da bayan hannu, ya ɗauki kan guda ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ya daɗe yana juya shi, yana shafa shi da babban yatsa.

"Wutar ga taka wuri guda taka ci," in ji shi. "Ka gani? Nan tsakiya. Kai ka yi mata tsini kamar ƙwai, dole ta taru nan. Mi zai hana a yi mata ɗan kwari a tsakiya, a bar mata baki zagaye kamar na munduwa? In ta ci nan yau, gobe ta ci can."

Shekara nawa ina karanta littattafai a kan wannan abu, ga mutumin da bai san baƙin boko ko ɗaya ba ya ga abin da ban gani ba. Ya narka tagulla a kasko ya zuba, ya bi da magagari, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sannan toka da tsumma, sannan fatar akuya. Sati biyu ya yi a kan kawuna biyu. Da ya miƙo mini su, na ga gemuna a ciki.

Watannin da suka biyo baya, ban taɓa jin daɗin zaman duniya kamar su ba. Duk Asabar Baba kan shigo motar safe daga Argungu, da jakar fatarsa ta kayan aiki, wani lokaci da busasshen kifi a ƙunshe don innarku. Sai ya zauna ƙarƙashin darbejiya ya sha fura, ya ɗauki Safiya ya yi mata wasa, sannan ya ce, to, mu je wurin tsawarka. Haka yake kiran makunnin, don idan ya buga, ƙara yake yi tas, kamar an karya busasshen kara a kunnenka, har kajin maƙwabta sai da suka saba. Yakan zauna a kan tabarma nesa kaɗan ya rufe ido yana saurare, kuma daga ƙarar kaɗai yake gane ko bugun ya fita daidai. Idan ya ce wannan ta yi gardama, in na duba ma'aunina sai in tarar haka ne. Mun yi hira a ɗakin nan fiye da duk wadda muka yi tun haihuwata. A nan ya ba ni labarin yadda ya koyi ƙira a hannun kawunsa, da yadda ya fara ganin kakarku ta zo gyaran warwaro. Na koya masa dokoki biyu na wurin. Kada a taɓa komai sai an kashe janareta an kuma ɗora sandar sauke wuta a kan kafasita, don tulun nan yana riƙe wuta ko bayan an kashe inji. Kuma in za a kai hannu, ɗaya za a kai, ɗayan yana bayan baya. Ya riƙe dokokin kamar alwala.

Na aika wa malamina na Turai zanen sabbin kawunan da sakamakon gwaji. Amsa ta zo bayan girbin shinkafa. Ya ce bai taɓa ganin ƙaramin makunni ya jure bugu haka ba, in zo da iyalina mu ƙarasa aikin a wurinsu, akwai kujera tana jirana. Na karanta wa innarku wasiƙar sau biyu. Ta yi guɗa a hankali don kada ta ta da jaririya, washegari kuma ta fara tambayar matan unguwa irin rigunan sanyin da ake sa wa yara. Ku riƙe wannan da kyau. Ita ce ta fara haɗa kaya.

Malamin ya nemi in aiko masa da sakamakon gwaji na ƙarshe kafin in taso. Ran wata Asabar da hantsi muka yi gwajin, ya fita fiye da yadda nake fata. Na kashe janareta. Maimakon in ɗauki sandar sauke wuta, sai na juya wurin tebur na fara rubuta lambobin kafin su ɓace mini, ina ta tsara yadda zan faɗa a wasiƙa. Jikina yana Badariya, hankalina ya riga ya sauka a Turai. Na ji Baba ya tashi daga tabarma, ya tambaye ni.

"Ka sauke ta?"

"Na sauke," na ce, ban ko waiwaya ba.

Ban yi ƙarya da gangan ba. Na saba yi har bakina ya amsa kafin kaina ya duba. Ya kwance murfin, ya sa hannun hagu a baya kamar yadda na koya masa, ya kai na dama don ya shafa kawunan ya ji ko sun yi kaushi. Ƙarar da na ji ba irin wadda na saba ji ba ce. Da na juyo, yana kwance jikin bango, hularsa a can gefe, ɗakin yana warin ƙonannen nama. Wutar ta shiga ta babban yatsa ta fita ta na tsakiya. Da hannunsa na hagu yana taɓa wani abu, da ta bi ta ƙirjinsa, da a ranar muka yi jana'iza.

A asibiti, ma'aikacin da ke wanke ciwon ya tambayi abin da ya faru. Na buɗe baki, sai Baba ya riga ni.

"Maƙeri nike. Narkakkar tagulla ta zubo mini."

Ma'aikacin ya dubi ciwon, ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa. Da muka keɓe, Baba ya kama rigata da hannun hagu ya jawo ni kusa.

"Abin da nic ce shi na. Ko matarka Kulu kada ka gaya wa wani abu daban. Ba ni son a ce ɗana ya tahi Turai ya koyo abin ƙone ubanshi."

Innarku tana tsakar gida lokacin da abin ya faru, ta ji ƙarar, ita ta kawo zanen da muka naɗe hannun da shi. Ta san komai. Shekara talatin da wani abu ke nan ba ta taɓa furtawa ba, ko a cikin faɗa.

Ciwon ya warke, amma yatsu uku sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki, ba sa riƙe magagari, ba sa jin zafi ko sanyi. Mutumin da ke gane kaushin da ido ba ya gani, ya koma ba ya iya ɗaura maɓallin rigarsa. Na je Argungu na tarar an share zauren, an jingine zugazugi a kusurwa, shi kuma yana zaune a bakin ƙofa yana amsa gaisuwar masunta da hannu a cikin riga. A daren ban yanke komai ba, kuma ba wanda ya roƙe ni. Da safe dai na rubuta wa malamina cewa ba zan zo ba, na ba shi izini su yi amfani da zanen yadda suka ga dama.

Innarku ta yi kuka. Ta ce zamana ba zai miƙe yatsun ba, kuma Baba yana da wasu 'ya'yan da za su kula da shi. Gaskiya ta faɗa. Shi kuwa Baba, da labari ya kai masa, aikowa ya yi a kira ni.

"Hannu guda nir rasa," ya ce. "Kai kuma kana so ka ƙara mini da ɗa? Tashi ka tahi inda anka kira ka."

Na ce ba zan iya ba. Ya juya mini baya. Wata huɗu ina zuwa duk Asabar, in gaishe shi ya amsa da kalma ɗaya, in zauna har la'asar in hau babur in dawo. Har yau ban san ko don shi na zauna ba, ko don ba zan iya zama a wani ɗaki mai tsabta ana yaba mini kan kawunan da hannun nan ya goge ba. Na dai san abin da zaman ya ci. Bayan wasu shekaru na ga hoton makunni a wata mujallar masana, ƙarami, da kawuna masu kwari a tsakiya. Malamina mutumin kirki ne, ya sa sunana a layin godiya a ƙasa. Sunan Baba bai fito ba, don ni ban taɓa rubuta musu shi ba. Wannan ma laifina ne. Abokan karatuna suka zama manya, ni na yi ritaya ina malamin aji. Ku kuma kun taso a gidan haya, kun yi karatu inda ƙarfina ya kai.

Abin da ya karya shirun da ke tsakanina da Baba, kawunan ne suka ci har suka bukaci sababbi. Wata Asabar na shiga zauren ba tare da na nemi izini ba, na jawo zugazugi, na hura wuta, na narka tagulla yadda nake ganin yana yi. Na ɗauki magagari na fara gurza. Ina jin idonsa a bayana. Ya jure kusan rabin sa'a, sannan na ji tsaki.

"Wa ya ce maka haka aka riƙe ta? Sassauta. Ba itace kaka faskare ba."

Ya matso ya ɗora hannunsa na hagu a kan nawa. Ina da shekara talatin da takwas na fara koyon ƙira. Ya yi mini faɗa kamar yaro, ya sa na narke aikin sati guda na sake, har sau uku. Kafin in fitar da kawunan da ya yarda da su sai da damina ta sake zagayowa, tafin hannuna ya yi kanta, ɗalibaina suna tambaya ko noma na koma.

Shekara biyu bayan haka muka kai injin Gulma. Dukansa bai wuce akwatin lefe ba, na sa masa murfin da ba ya buɗuwa sai wutar ciki ta sauka da kanta, don kada a sake dogara da bakin mutum. Muka kafa shi kusa da rijiyar bakin kasuwa, mata da yara suka kewaye mu, Asabe tana cikinsu da sabon goyo. Aka tayar da janareta, makunnin ya fara bugawa, ruwa ya bi ta bututu ya fito a bokiti. Sai kowa ya tsaya. Ba wanda yake son ya fara shan ruwan da aka ga wuta ta bi ta cikinsa. Mai unguwa ya ce ko a fara ba akuya. Na yi bayani har muryata ta dushe, ba wanda ya motsa.

Baba ya taso daga inuwar da yake zaune, ya ce a ba shi moɗa. Wata mata ta miƙa masa ta wajen hagu, ya ƙi karɓa. Ya fito da hannun dama daga cikin riga, a gaban jama'a, abin da bai taɓa yi ba tun daga asibiti. Ya saƙala moɗar tsakanin yatsu biyun da suka rage, ya ɗebo, rabin ruwan ya zube masa a gaba. Ya yi bisimilla ya shanye sauran. Ya goge gemu, ya dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya.

"Ni da ɗana munka yi shi," ya ce. "Ku kawo tulunanku."

Asabe ce ta fara ajiye nata.